Tafiya Ikeja Neman Ram ɗin Kwamfutar Tebur

Kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wadda aka fi sani da Computer Village, tana tsakiyar babban birnin jihar Legas, daf da gadar Ikeja, tsakanin titin Obafemi Awolowo da titin Kodesho da na Simbiat Abiola. Asalinta unguwar zama ce. A shekarun 1990 masu sayar da kayan kwamfuta suka fara kama shaguna a titin Otigba, da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 kuwa sai ciniki ya tumbatsa, ya cinye titin Pepple da Ola Ayeni da Oremeji da Adepele, gidajen kwana suka koma benayen shaguna. Cikin kayan da ɗan Arewa ke keto ƙasa dominsu har wannan wuri, babu marar nauyi kamar ram ɗin kwamfutar tebur. Ɗan siririn allo ne, galibi kore, tsawonsa santimita 13 da ɗan ɗori, guda ɗari ba sa cika jakar hannu. Duk da haka sayensa ya fi sayen kwamfutar sukutum neman ilimi, domin harafi guda da aka karanta ba daidai ba a jikin sitikarsa ya isa ya mayar da tafiyar kilomita 1,000 asara.

Ram shi ne wurin da kwamfuta ke baza aikin da take kai a daidai wannan lokaci. Ma'ajiyarta ta dindindin, wato had-dis ko SSD, kamar akwatin tela ce, ram kuma teburinsa na yanka: in teburin ya yi ƙanƙanta, dole ya riƙa naɗe wannan yadin yana mayarwa akwati kafin ya shimfiɗa wancan. Wannan kai-kawo shi ne nauyin da ake ji in an buɗe shafukan intanet goma tare da Word da Excel a kan inji mai giga 4. Waɗanda matsalar ta fi ci wa tuwo a ƙwarya su ne masu injuna da yawa a ɗaki ɗaya: cibiyoyin jarrabawar JAMB, waɗanda suka yawaita tun da hukumar ta koma jarrabawa ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015, da makarantun koyon kwamfuta, da shagunan buga takardu da zanen fasta, da masu gyara da ke saro kaya su sayar. Yawancin injunansu na hannu ne, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su, kuma ƙara musu ram ya fi sayen sababbi sauƙi nesa ba kusa ba.

Tambayar da ke fara hana mai Dell ko HP ko Lenovo sakat ita ce ko injinsa zai karɓi ram da ba na kamfaninsa ba. Zai karɓa, shaidar kuma tana cikin injin kansa. Duk wanda ya kwance murfin Dell OptiPlex ya zaro ram ɗin da ya zo da shi zai tarar an rubuta Samsung ko SK hynix ko Micron a jikinsa, wani lokaci Kingston ko Nanya. Kamfanonin kwamfuta ba sa ƙera ƙwayoyin ram, saro su suke yi. Kimanin kashi 90 cikin 100 na waɗannan baƙaƙen ƙwayoyi a duniya daga kamfanoni uku suke fitowa: Samsung da SK hynix na Koriya ta Kudu, da Micron mai hedikwata a garin Boise na jihar Idaho a Amurka. Bayansu akwai masu sayen ƙwayoyin su jera a kan allo su manna sunansu. Babbansu Kingston ne, wanda John Tu da David Sun suka kafa a Kalifoniya a 1987, shekarar da ake fama da ƙarancin ram a kasuwa; akwai Corsair, akwai ADATA da Transcend da G.Skill na Taiwan, Crucial kuwa na Micron ne da kansa. Abin da ya sa kayan waɗannan duka ke shiga gurbi ɗaya shi ne ƙa'idar da ƙungiyar JEDEC ke gindayawa kan tsawon allon da yawan haƙoransa da ƙarfin wutar da yake ja da gudunsa.

Saboda haka ƙarin kuɗin da ake biya don ram mai tambarin kamfanin kwamfuta, kuɗin tabbacin cewa zai dace ne kawai. Wannan tabbaci yana da amfani ga banki ko ma'aikatar da ke da yarjejeniyar gyara da kamfanin. A Amurka ma wata dokar garanti ta 1975 ta hana kamfani ya ce garantinsa ya ɓaci don kawai an sa kayan wani. Ga inji na hannu da garantinsa ya ƙare tun shekaru, babu abin da tambarin zai ƙara. Sai dai tabbacin da mai saye ya ƙi biya, shi ne zai samar wa kansa, kuma wannan aiki a gida ake yin sa kafin a nufi tasha.

Ana farawa da kashe injin, a zare wayar wuta, a buɗe murfi, a danna 'yan maƙalan da ke bakin gurbi biyu, ram ya ɗago da kansa. Abu na farko shi ne sanin zuriyarsa. DDR2 ya fito a 2003 da haƙora 240 da wuta bolt 1.8. DDR3 ya biyo a 2007, shi ma haƙora 240 ne amma bolt 1.5, yana da ƙane mai suna DDR3L mai bolt 1.35. DDR4 ya shiga kasuwa a 2014 da haƙora 288 da bolt 1.2, sai DDR5 da aka fitar da ƙa'idarsa a 2020, haƙora 288 da bolt 1.1. Kowace zuriya tana da giɓi a wuri daban a jerin haƙoranta, don kada a cusa wata a gurbin wata. Wanda ya matsa da ƙarfi gurbin zai karya. Kamannin inji ba ya nuna abin da yake ci. OptiPlex 3040 da 5040 da 7040 sa'o'in juna ne, a ido kusan ɗaya suke, amma na farko da na biyu DDR3L suke ci, na ukun DDR4. Ƙananan injunan nan masu girman littafi, irin su OptiPlex Micro da EliteDesk Mini da ThinkCentre Tiny, kwamfutocin tebur ne, amma ram ɗin laftof suke ci, gajere mai kusan rabin tsawon wancan.

Abu na biyu shi ne iyakar abin da injin zai iya ɗauka. OptiPlex 3020 gurbi biyu gare shi, iyakarsa giga 16. HP EliteDesk 800 G1 babba yana da gurbi huɗu, yana kaiwa giga 32. Galibin injunan Intel masu DDR3 ba sa karanta ram da ya wuce giga 8 a guda ɗaya. Haka nan in Windows ɗin da ke kan injin mai bit 32 ne, ko an zuba giga 16 ba zai amfana da fiye da kimanin 4 ba, sai an sake ɗora mai bit 64. Matafiyi mai lura yakan rubuta sunan kowane samfuri da adadinsa da guraben da suka rage fanko, ya ɗauki hoton sitikar gaba da baya, sannan ya naɗe tsohon ram guda ɗaya ya sa a aljihu. Wanda zai sayi da yawa, in da hali, ya ɗauki injin guda ya tafi da shi. Nauyinsa a hanya bai kai nauyin dawowa da kayan da ba su yi ba.

Daga Kano hanya biyu ce ta mota. Tsohuwar ta bi Zariya da Kaduna ta ratsa Birnin Gwari da Tegina da Mokwa, ta haye kogin Kwara a gadar Jebba, ta faɗa Ilori da Ogbomosho da Oyo zuwa Ibadan. Ita ce gajeriya, amma an daɗe direbobi na gudunta saboda 'yan bindiga da lalacewar titi. Ɗayar ta gangara Abuja, ta bi Gwagwalada da Abaji da Koton Ƙarfe, ta haye kogin a gadar Murtala Muhammed kafin Lakwaja, sai Okene da Owo da Akure, ta haɗe da waccan a Ibadan. Manyan motocin safa na tashi daga New Road a Sabon Gari, tafiyar kuma takan ci kusan kwana guda cur, gwargwadon shingayen bincike da cunkoson manyan motoci. A jirgin sama awa ɗaya da rabi ne, kuma filin jirgin Murtala Muhammed a Ikejan yake, amma kuɗin kujera kan cinye ribar kayan da duka-duka jaka ɗaya ce.

Mai shigowa ta mota yakan sauka a Berger ko Ojota, yawanci kuma Agege yake nufa, unguwar da Hausawa suka kafa zango tun zamanin jirgin ƙasa da fataucin goro. Akwai masauki, akwai masallatai da tuwo da 'yan canji, akwai kuma wanda ya san wani a kasuwar, abin da ya fi komai amfani ga baƙo. Daga Agege zuwa Ikeja tasha ɗaya ce a jirgin ƙasa na cikin gari mai jan layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024, tasharsa ta Ikeja kuwa da ƙafa ake ƙarasawa kasuwar. Akwai kuma danfo, ƙananan bas-bas masu ruwan ɗorawa. Acaɓa, sana'ar da ta riƙe samarin Arewa da yawa a Legas, gwamnatin jihar ta hana shi a Ikeja tun watan Yunin 2022. Ranar Alhamis ba a buɗe kasuwannin Legas sai ƙarfe 10 na safe saboda shara, Lahadi kuma yawancin shagunan a rufe suke. Wanda ya iso Asabar da yamma ya yi asarar kwana biyu.

Tun daga ƙarƙashin gada dillalai ke tarbar baƙo. Da sun ga hula da doguwar riga kira ya tashi, wannan na cewa Alhaji, wancan na cewa Malam, kowa na tambayar abin da ake nema, saye ko sayarwa ko gyara. Yawancinsu ba su da shago. Jan mutum suke yi zuwa na wani, a ɗora la'adarsu a kan farashi ba tare da mai saye ya sani ba. Ba duka ne macuta ba, amma duk wanda aka saya ta hannunsa a bakin titi, gobe ba lallai a same shi ba. Ciki kuwa ƙarar janareta ce ta ko'ina, da lasifikokin masu tallan waya, da 'yan dako ɗauke da monitoci a ka. Ƙasan benaye na waya ne da sababbin laftof. Mai neman ram sai ya hau matakala, hawa na biyu ko na uku, inda akwatunan kwamfuta ke jibge har rufi, injiniya na zaune da sukudireba a gaban madabod, wato babban allon cikin kwamfuta, tsirara. Yawancin masu shagunan Ibo ne da Yarbawa, cinikin da Turancin buroka ake yi, kuma 'yan kasuwar na da ƙungiya mai suna CAPDAN da ake kai wa ƙara in rigima ta tashi.

Ram iri biyu ne a kan kanta. Akwai sabo a cikin robarsa, mai sunan Kingston ko Crucial ko ADATA ko wani sunan da ba a saba ji ba. Akwai kuma wanda aka ciro daga injunan tokumbo, wato na hannu da aka shigo da su daga waje, a ɗaure goma-goma da robar ɗaure kuɗi, a zube cikin tire. Baƙo yakan ɗauka sabon ne abin dogaro, amma a harkar DDR3 abin ya sha bamban. Ram ba shi da abin da ke juyawa balle ya cinye, kuma na Samsung ko SK hynix da aka zaro daga injin ofis ya riga ya yi shekaru yana aiki lafiya. Sabon DDR3 mai baƙon suna kuwa, sau da yawa tsofaffin ƙwayoyi ne aka ɓamɓaro aka jera a sabon allo. Ga tsohon inji, ciro-ciron manyan kamfanonin uku ya fi cancanta a fara nema. A DDR4 da DDR5 ne sabo mai sanannen suna ke da ƙarfin hujja.

Nan ne karatun sitika ke aiki. A ce an miƙo guda, an rubuta 8GB 2Rx8 PC3L-12800U a jikinsa. Giga 8 ne. 2Rx8 na nufin ƙwayoyin rukuni biyu ne, galibi takwas a kowace fuska. PC3L shi ne DDR3L, kuma shi ya fi aminci a saya, domin yana aiki a injin mai bolt 1.5, alhali na 1.5 ba lallai ya yi a injin da ke neman 1.35 ba. Lambar 12800 in an raba ta da 8 ta ba da 1600, gudunsa ke nan. Harafin ƙarshe shi ne mai yanke hukunci. U na kwamfutar tebur ne, S na laftof, E da R na sabar ne, manyan injunan da ke ɗakunan ajiye bayanai. A DDR4 harafin yakan koma bayan layi, kamar PC4-2666V-UA2. Na Samsung yana da ƙarin alama: lambar da ta fara da M378 na tebur ne, M471 na laftof, M393 na sabar.

Ram ɗin sabar mai harafin R shi ne tarkon da ya fi kama baƙi. Yana da araha ƙwarai idan aka duba girmansa, ga shi giga 16 ko 32, tsawonsa da giɓinsa daidai da na tebur, yana shiga gurbi ya zauna daram. Sai an kunna inji a ga allo baƙi ƙirin. Ko ba a karanta sitika ba ido na gane shi: ƙwayoyinsa sun fi yawa, tara ko goma sha takwas a fuska maimakon takwas, da wata ƙwaya daban a tsakiya. Tarko na biyu shi ne DDR3 mai arha da aka haɗa da ƙwayoyin sabar, wanda injin AMD kaɗai ke karantawa, na Intel ba ya ko motsi da shi. Na uku sitikar jabu ce. In ta ce Samsung, to ƙwayoyin ma su zama na Samsung, masu rubutun SEC. In rubutun kansu ya dushe kamar an kankare, ko fuska ɗaya ta bambanta da ɗayar, a mayar da shi tire. Ga Kingston da ire-irensa ganin ƙwayoyin wani kamfani ba aibi ba ne, haka suke sana'arsu. Haƙoran ma a duba su a haske, kada a ga tsatsa kore ko tabon ƙuna.

Akwai kuma ram ɗin 'yan gem, mai rigar ƙarfe da fitilu, da aka rubuta masa gudu mai yawa kamar 3200 ko 3600. Da yawansu ba sa kai wannan gudu sai an kunna wani tsari mai suna XMP a cikin BIOS, wato shafin saitin injin, injunan ofis na Dell da HP da Lenovo kuwa galibi ba su da wannan maɓalli. Ram ɗin zai yi aiki, amma a gudun 2133 ko 2400, an biya kuɗin abin da ba za a mora ba. Wani lokaci ma rigar ƙarfen kan yi tsayi har murfin ƙaramin akwati ya ƙi rufuwa.

Ba a biyan kuɗi kafin gwaji, kuma mai shagon kirki ba ya jin haushin wannan. Za a sa ram a inji irin na mai saye, ko a nasa in ya zo da shi. In inji ya yi ta ƙara ɗit-ɗit ko fitilar maɓallinsa ta riƙa ƙiftawa ruwan lemo, bai karɓa ba. In allo ya kawo, a shiga BIOS a ga girman da ya nuna. Manhajar CPU-Z tana karanta ɗan bayanin da kamfani ya rubuta a wata ƙaramar ƙwaya a jikin ram, ta faɗi maƙerinsa da girmansa da gudunsa, sai a gwama da sitika. Kawowar allo ba ta isa shaida ba, domin ram mai ƙwaya ɗaya marar lafiya yana iya tayar da Windows lafiya lau, sai bayan kwanaki ya fara kawo shuɗin allo ko ya lalata fayil. Abin da ke tona wannan shi ne MemTest86, manhaja kyauta da ake ɗorawa a filashi tun daga gida, a tayar da inji da ita, ta bi ram ɗin lungu-lungu tana rubutawa tana karantawa. Zagaye ɗaya kan ci rabin awa ko fiye. Kuskure ko guda ɗaya ta nuna, ram ɗin ya faɗi. Mai sayen ɗari ba zai iya yi wa kowanne haka a shago ba, abin da ya dace shi ne a kunna kowanne a gani, a tsamo wasu a yi musu dogon gwaji, sauran a ɗaure su da sharaɗin canji a rubuce.

Farashi ba ya zama wuri ɗaya, don abu biyu ke juya shi. Na farko dala: kayan duka shigo da su ake yi, kuma tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, mai shago kan duba canjin ranar kafin ya buɗe baki. Na biyu halin da masana'antun uku ke ciki. Gobarar da ta tashi a masana'antar SK hynix da ke Wuxi a ƙasar Sin a watan Satumban 2013 ta ɗaga farashi a duniya baki ɗaya. A 2025 kamfanonin suka fara janye hannu daga DDR4, suka karkata ga irin ram ɗin da cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira ke wawaso, farashi ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen shekarar, har Micron ya sanar a watan Disamba cewa zai daina sayar da kayan Crucial ga jama'a. Don haka farashin da wani ya saya watanni shida baya ba hujja ba ce a wurin ciniki. Hujja ita ce a taya a shago uku ko huɗu kafin a zauna a ɗaya, a kuma faɗi adadin da ake so tun farko, don farashin sari daban yake da na ɗai-ɗai.

Rasit ya ɗauki sunan shago da adireshinsa da lambar waya, da irin ram ɗin dalla-dalla da adadinsa, da kwanakin da aka yarda a dawo da wanda bai yi ba. Garantin har abada da ake bugawa a robar wasu sababbi gaskiya ne a wurin kamfanin, amma cin moriyarsa daga Kano ko Sakkwato sai an bi ta dilan da kamfanin ya sani. Garantin da ke aiki a zahiri shi ne na mai shago. Masu shago kan sa wa kayansu alama da maka ko ƙaramar sitika don su gane nasu in an dawo da shi, kada a goge ta. Kuɗi kuma a tura asusun da sunansa ya dace da na rasit, ba na yaron da ya rako mutum ba.

A dawowa, kowane ram ya shiga ledar nan mai ruwan toka da sheƙi da ake zuba kayan lantarki, ko robarsa ta asali, a jera a ƙaramin kwali, kwalin kuma ya zauna a jakar hannu, ba ƙarƙashin mota tare da buhuna ba. Haɗarin ya fi yawa bayan an iso gida. Iskar Legas mai laima ce, ta Arewa kuwa a lokacin hunturu busasshiya ce, jiki na tara wutar nan da ke tartsatsi in an taɓa ƙofar mota, ita kuma tana iya kashe ƙwayar ram ba tare da an ga alama ba. Kafin a ɗauka a taɓa ƙarfen akwatin injin, a riƙe ram ta gefe, yatsa kada ya hau haƙora. A hure ƙurar gurbi, a daidaita giɓi da ɗan tudun da ke ciki, a danna gefe biyu har maƙalan su rufe da kansu. Guda biyu masu girma ɗaya sun fi guda ɗaya babba, domin inji na karanta su a lokaci guda ta hanya biyu. A inji mai gurbi huɗu a bi lambobin da ke jikin madabod ko a sa su a gurabe masu launi ɗaya. In an haɗa mai gudu da marar gudu, duka za su tafi a gudun na ƙasa. Kunnawar farko Dell ko HP kan tsaya da saƙon cewa girman ram ya canja, a danna F1 a wuce. Dogon gwajin sauran kayan a fara shi a daren da aka iso, tun kwanakin canji ba su ƙare ba.

Akwai cutar da ram ba ya warkarwa. Injin da ke kan tsohon had-dis mai juyawa, sa masa SSD ya fi ɗaga shi daga giga 8 zuwa 16 tasiri. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance yana neman furosesar Intel daga zuriya ta 8 zuwa sama, don haka kusan duk injin DDR3 ya faɗi wannan sharaɗi komai yawan ram ɗin da aka zuba masa. A auna kuɗin da za a kashe masa da shekarun da suka rage masa. Kwamfutocin Apple masu furosesar M1 da na bayanta, daga 2020, ram ɗinsu a manne yake, ba a ƙara shi ko kaɗan.

Mai neman guda ɗaya ko biyu ba shi da dalilin wannan tafiya. Beirut Road da Farm Centre a Kano, ko Banex Plaza a Wuse ta Abuja, za su biya masa buƙata, ga kuma damar komawa da ƙafa in kaya bai yi ba. Tafiyar ta mai cika ɗaki ce, ko mai sari, ko mai neman irin da ya yi wuya a gida. Shi ma karo na farko ne ya zama dole ya je da kansa, ya ga shago, ya san mai shi ido da ido. Bayan nan hoton sitika ta WhatsApp da direban tasha sun wadatar. Tun 2017 gwamnatin jihar Legas ta bayyana shirin mayar da kasuwar Katangowa, can wajen Abule Egba, amma har 2025 tana nan a Ikeja. Mai niyyar zuwa ya kira mutanensa na Agege ya tabbatar da inda take kafin ya yanki tikiti.